Harbin Kuskure da Alhakin Jini: Wa Doka Take Tuhuma Idan Bindiga Ta Tashi?

Ranar 12 ga Yulin 2024, wata kotu a birnin Santa Fe na jihar New Mexico a Amurka ta kori ƙarar da aka shigar a kan ɗan wasan kwaikwayo Alec Baldwin, mutumin da bindiga ta tashi a hannunsa ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin ɗaukar wani fim. Kimanin wata uku kafin nan, alƙaliyar da ta kori wannan ƙara, Mary Marlowe Sommer, ita ce ta yanke wa Hannah Gutierrez-Reed, matashiyar da aka ɗauka aikin kula da makamai a wurin ɗaukar fim ɗin, ɗaurin wata 18 a gidan yari, alhali ba ta ma cikin ɗakin a lokacin da harsashin ya fita. Wannan ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Wasu sun ɗauka an saki shafaffe da mai ne an danne mai ƙaramin ƙarfi, wasu kuma suka fahimci cewa kotu ta tabbatar da cewa wanda ya yi harbi bisa kuskure ba shi da laifi. Babu ɗaya daga cikin fahimtocin biyu da ya dace da abin da ke rubuce a hukuncin, kuma tambayoyin da shari'ar ta taso da su sun shafi duk inda bindiga take hannun mutane, daga filin atisayen soja zuwa dajin farauta da gidan biki.

Abin da ya faru a cocin katako

A ranar 21 ga Oktoban 2021 ana gwajin wata fitowa ta fim mai suna Rust cikin wani cocin katako a gandun Bonanza Creek, kusa da Santa Fe. Bindigar da ke hannun Baldwin ta gaske ce, ƙaramar bindiga ƙirar mutanen da, mai ɗaukar harsashi shida. A wurin ɗaukar fim ana aiki da harsashi iri biyu. Akwai mai ƙara kawai, wanda yake da albarushi amma ba dalma a kansa, sai kuma na ado, wanda a ido ba a bambanta shi da na gaske amma ba albarushi a cikinsa. Masu ƙera na adon sukan jefa ɗan ƙaramin ƙarfe a cikin kwanson domin idan an girgiza shi kusa da kunne a ji yana kaɗawa, wasu kuma sukan huda gefensa. Aikin mai kula da makamai shi ne ya ɗauki kowane harsashi ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza, ya duba, kafin ya saka shi a bindiga. Harsashi na gaske kuwa ƙa'idojin masana'antar fim sun haramta a shigo da shi wurin baki ɗaya, amma masu bincike sun ƙirga guda shida a wurin, har da wanda ya yi kisan.

Bisa takardun 'yan sanda, an sanar a cikin ɗakin cewa bindigar ba ta ɗauke da komai mai tashi. Baldwin ya zaro ta, ya nufi wajen kyamara da bakinta, sai ta tashi. Harsashin ya ratsa ƙirjin Hutchins, mai shekara 42, ya fita, ya je ya maƙale a kafaɗar daraktan fim ɗin, Joel Souza, wanda ke tsaye a bayanta.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta jihar ta fitar da rahoto a watan Afrilun 2022, inda ta ce bindigogi sun riga sun tashi ba da niyya ba a wurin kwanaki kaɗan kafin kisan, kuma shugabannin aikin sun sani amma ba su ɗauki mataki ba. Ta ci tarar kamfanin da ke shirya fim ɗin kusan dala 137,000, daga baya aka daidaita a kan dala 100,000. A safiyar ranar ma wasu daga cikin masu kyamara sun tattara kayansu sun bar aikin, kuma rashin kiyaye ƙa'idar makamai na cikin koke-kokensu.

Tsautsayi, sakaci da ganganci

A bakin jama'a duk harbin da ba a yi da nufin kisa ba kuskure ne, amma kotu tana rarraba shi hawa-hawa. Hawa na farko shi ne tsautsayi tsantsa, wato mutum yana yin abin da doka ta halatta, ta hanyar da ta halatta, tare da kulawar da ta kamata, sai abin da ba wanda zai iya hangowa ya auku. A nan babu laifi. Na biyu shi ne sakaci, inda mutum ya kasa yin abin da duk mai hankali zai yi in da shi ne a wurin, kamar duba bindiga kafin goge ta. Sakaci ya isa a sa mutum ya biya diyya. Na uku shi ne sakacin da ya yi muni har ya kai ga ganganci, inda mutum ya san hatsarin da ke tattare da abin da yake yi, ko kuma hatsarin a bayyane yake ga kowa, amma ya ci gaba ko a jikinsa. Wannan shi ne yake kai mutum kurkuku da laifin kisa ba da niyya ba.

Shari'a kuma kashi biyu ce. A shari'ar laifi gwamnati ce take gurfanar da mutum, kuma sai ta kawo hujjar da ba ta bar wata shakka mai ma'ana ba. A shari'ar neman haƙƙi iyalan mamaci ne suke ƙara, kuma ya ishe su su nuna cewa hujjarsu ta rinjayi ta ɗaya ɓangaren. Saboda haka ana iya sallamar mutum a ta farko, a kuma ɗora masa diyya a ta biyu, ba tare da hukuncin biyu sun ci karo da juna ba. Mijin Hutchins ya shigar da irin wannan ƙara ta biyu, kuma an sanar da sasantawa tun watan Oktoban 2022, kafin a gurfanar da kowa da laifi.

Dalilin ɗaure wadda ba ta harba ba

A ranar 6 ga Maris 2024 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka sami Gutierrez-Reed da laifin kisa ba da niyya ba. Hujjar masu gabatar da ƙara ita ce, an ɗauke ta aiki ne musamman don ta hana harsashi na gaske shiga bindiga, ita ta loda bindigar, kuma ba ta duba harsasan yadda ya kamata ba. Lauyoyinta sun ce an haɗa mata aiki biyu, kula da makamai da kula da sauran kayan wasa, an hana ta isasshen lokacin horar da 'yan wasa, sannan da abu ya ɓaci aka mayar da ita saniyar ware. Rahoton hukumar ma'aikata ya ƙarfafa wani sashe na wannan magana, sai dai kotu ba ta ɗauki gazawar shugabanni a matsayin abin da zai sauke mata nauyin da ya rataya a wuyanta ba. Mataimakin darakta David Halls, wanda duba bindiga kafin a yi aiki da ita yake cikin aikinsa, bai ja da tuhumar sakaci da makami ba, aka yi masa ɗaurin talala na wata shida.

Batun Baldwin ya fi sarƙaƙiya. Ya ce ya ja ƙarfen ɗana bindigar baya amma bai taɓa kunamar ba. Gwajin da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi ya nuna cewa bindigar, muddin lafiyarta ƙalau, ba za ta tashi ba sai an ja kunama, amma wasu sassanta sun karye a wajen gwajin, abin da ya ba lauyoyinsa ƙofar musu. Masu gabatar da ƙara sun tsaya a kan cewa duk wanda ya riƙe bindigar gaske, ɗan wasa ne ko waninsa, ba shi da izinin nuna mutum da ita. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Amurka kuwa ta ce ɗan wasa ba ƙwararren makamai ba ne, an ɗauki ƙwararru ne don ya dogara da maganarsu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa: a rayuwar yau da kullum ba a karɓar uzurin cewa wani ne ya ce bindigar ba komai a ciki, amma wurin ɗaukar fim na daga cikin wurare ƙalilan da aka tsara aikinsu a kan raba wannan nauyi tsakanin mutane.

Kotu ba ta kai ga raba gardamar ba. Ana cikin shari'ar ya bayyana cewa wani tsohon ɗan sanda ya kai wa ofishin 'yan sandan yankin wasu harsasai da yake ganin suna da alaƙa da lamarin, jami'an suka ajiye su ƙarƙashin lambar wani fayil dabam, ba a kuma sanar da lauyoyin Baldwin ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1963 a shari'ar Brady, wajibi ne gwamnati ta miƙa wa wanda ake tuhuma duk hujjar da za ta iya amfanarsa. A kan wannan aka kori ƙarar, kora irin wadda ba a sake dawo da ita. Laifin masu gabatar da ƙara ne ya kashe shari'ar, kuma har yau babu hukuncin da ya ce Baldwin ya yi sakaci ko bai yi ba.

Ƙa'idoji huɗu

Yawancin makarantun koyar da harbi suna aiki da ƙa'idoji huɗu da ake danganta tsara su ga Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka da ya buɗe makarantar harbi a jihar Arizona a 1976. Ta farko, a ɗauki kowace bindiga a matsayin lodaddiya. Ta biyu, kada bakinta ya kalli abin da ba a shirya halakawa ba. Ta uku, yatsa ya nisanci kunama har sai an yi saiti an yanke shawarar harbi. Ta huɗu, a tabbatar da abin da ake harbi da kuma abin da ke bayansa. Hikimar tsarin ita ce kowace ƙa'ida tana rufa wa 'yar'uwarta baya, ta yadda da wuya a raunata mutum sai an karya aƙalla biyu a lokaci ɗaya. Shi ya sa masu horarwa ba sa saurin yarda da cewa bindiga ta tashi da kanta, ko da yake tsofaffin bindigogi da na ƙirar gida, irin su adaka, suna iya tashi idan sun faɗi ko sun bugi wani abu.

Wani kuskure da ke yawan cin rai shi ne zaton cewa cire gidan harsashi ya sauke bindiga. Harsashi ɗaya da ya riga ya hau yana nan zaune a gindin bututun, kuma ba zai fita ba sai an ja makullin baya an ga fitarsa da ido. Don haka ne a barikoki da yawa ake ajiye ganga cike da yashi a bakin ma'ajiyar makamai, kowa ya zura bakin bindigarsa a ciki kafin ya sauke ta, domin idan akwai wanda ya rage ya tashi a cikin yashin.

Madatsar harsashi

Ƙa'ida ta huɗu ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin mai harbi yakan tattara hankalinsa a kan abin da yake saiti ya manta cewa harsashi ba ya tsayawa don ya sami abin da aka nufa. Madatsar harsashi ita ce duk abin da ke bayan abin harbi wanda zai kama harsashin ya riƙe shi, ko an samu ko an kuskure. Raunin Souza misali ne a fili, domin ko jikin mutum bai tsayar da harsashin ƙaramar bindiga ba.

Nisan da harsashi ke ci ya wuce yadda aka saba zato. Na AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk da cewa ba a iya saiti mai kyau da ita fiye da mita 300 zuwa 400, harsashin da aka ɗan ɗaga wa baki yana iya wuce kilomita biyu kafin ya sauka. Ko ɗan ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, wanda ake harbin zomo da tsuntsu da shi, kamfanoni suna rubuta gargaɗi a kwalinsa cewa yana da hatsari har nisan da ya kai kilomita biyu. Ma'ana, wanda ya jingina gwangwani a kan kututture a bayan gari yana gwada hannunsa, ya sa gonaki da hanyoyi da rugagen da ba ya ma hangowa cikin layin wutarsa.

Abin da ya fi kama harsashi shi ne ƙasa mai laushi ko yashi da aka tara tudu. Jagororin gina filayen harbi na fili a Amurka sukan ba da shawarar tudun baya ya kai tsayin kimanin mita shida, da wasu tudun a gefe biyu, fuskarsa ta miƙe sosai don harsashi ya nutse maimakon ya zame ya haura, kuma a tace ƙasar saman daga duwatsu da ƙarafa. Tudun ma yana buƙatar kulawa, domin ruwan sama yana zaizaye shi, dalmar da ta taru a wuri ɗaya kuma takan taurare har sabon harsashi ya riƙa bugunta yana dawowa. Abubuwan da ido yake ɗauka kariya ne sau da yawa ba sa karewa. Harsashin babbar bindiga yana huda bulon siminti mai rami, da ƙofar mota, da kwanon rufi, da ƙyauren katako. Bishiyoyi da duhuwar daji suna ɓoye abin da ke bayansu ne kawai. Abu mai tauri kuma, irin fa ko kankare ko ƙasar da rani ya busar, yana karkatar da harsashi ya nufi inda ba wanda ya zata. Ruwa ma haka: harsashin da ya sauka a kansa a kwance yakan yi tsalle ya ci gaba, kamar yadda yara ke jifa da faffaɗan dutse a kan kududdufi yana tsallake-tsallake.

Ko da tudun, filayen soja suna keɓe yanki mai nisan kilomitoci a bayansa wanda ba a yarda kowa ya shiga ba lokacin harbi. Wannan ne dalilin sanarwar da rundunar sojan Najeriya take fitarwa kafin atisayen harbi, tana gargaɗin manoma da makiyaya da mafarauta su kauce wa yankin. Matsalar da ke ƙaruwa a ƙasashe da dama ita ce filayen da aka gina a daji shekaru aru-aru yanzu gari ya cim musu. A Amurka an daɗe ana kai ruwa rana tsakanin masu cewa mutum yana da 'yancin harbi a cikin filinsa da maƙwabtan da harsashi ke faɗa wa gidajensu, har jihar Florida ta yi doka a 2016 da ta haramta harbin nishaɗi a unguwannin da ke da gida ɗaya ko fiye a kowace eka. A gaban kotu, rashin madatsa na daga cikin hujjoji mafiya ƙarfi na sakaci, saboda abu ne da ake iya zuwa a gani, a auna, a ɗauki hotonsa, kuma mai harbi yana da cikakken lokacin tunani a kansa kafin ya ja kunama.

Harbi sama

Harbin murna shi ne harbin da ba shi da madatsa ko kaɗan. Gwaje-gwajen da sojan Amurka Julian Hatcher ya rubuta sun nuna cewa harsashin babbar bindiga da aka harba sama tsaye yana dawowa da gudun kimanin mita 90 a daƙiƙa, gudun da ya wuce abin da ake buƙata don huda fatar mutum. Wanda aka harba a karkace ya fi haka hatsari, domin yana riƙe da juyawarsa da kaso mai yawa na ƙarfinsa, kuma kusan duk mai harbin murna a karkace yake harbi. Likitocin wani asibiti a Los Angeles sun tattara bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992: 38 daga cikinsu sun mutu, kuma mafi yawansu a kai ya same su.

A watan Yunin 1999 harsashi ya faɗo wa wata yarinya 'yar shekara 14, Shannon Smith, a bayan gidansu a birnin Phoenix, ta rasu. Iyayenta suka gano cewa a lokacin harbi sama a cikin gari ƙaramin laifi ne a dokar Arizona. Fafutukarsu ta kai ga dokar da ke ɗauke da sunanta a shekarar 2000, wadda ta mayar da shi babban laifi ko da bai sami kowa ba. Irin wannan doka tana hukunta aikin ne tun kafin ya yi ɓarna, saboda idan ya yi ɓarnar da wuya a gano mai bindigar, wanda mai yiwuwa yana wata unguwa bai ma san ya kashe kowa ba.

Kotuna ba su tafi a layi ɗaya ba

A harkar farauta hukunce-hukunce sun sha bamban. A watan Nuwamban 1988 wani maharbi a jihar Maine ya harbe Karen Wood, uwar tagwaye, a bayan gidanta, ya ce farar safar hannunta ya ɗauka jelar barewa ce. An sallame shi a 1990, kuma fushin da hakan ya jawo ya sa jihar ta yi doka a 1991 da ta wajabta wa maharbi ya ga kai da gangar jikin dabba sarai kafin ya harba. A watan Fabrairun 2006 mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya watsa wa abokin farautarsa Harry Whittington ƙananan harsasan tsuntsu a fuska da wuya da ƙirji a jihar Teksas, 'yan sanda suka ce tsautsayi ne, ba a tuhumi kowa ba. A ɓangaren diyya kuwa, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta kafa wata ƙa'ida a 1948 a shari'ar Summers da Tice. Maharba biyu sun harba lokaci guda wajen da abokinsu yake, harsashi ya same shi a ido, aka rasa na wane ne. Kotun ta ce tun da dukansu sun yi sakaci, dukansu za su biya, sai dai wanda ya iya tabbatar da cewa ba nasa ba ne.

Alhaki yana kuma miƙewa zuwa ga wanda ya ajiye bindiga inda yaro zai kai hannu. Florida ce ta fara yin doka a kan haka a 1989, jihohi da yawa suka bi baya. A Birtaniya kuwa kulle bindiga a wuri amintacce sharaɗi ne na lasisi.

Matsayin dokar Najeriya da Shari'ar Musulunci

Dokar hukunta laifuka ta Final Kot da ta fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960 ta bi wannan rabe-raben. Sashe na 48 ya ce abin da ya auku bisa tsautsayi ba laifi ba ne, amma da sharaɗin ana cikin yin halastaccen aiki, ta halastacciyar hanya, tare da kulawa da taka-tsantsan da suka dace. Sashe na 222 ya sanya kisan da ya biyo bayan ganganci ko sakaci cikin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa, sashe na 224 kuma ya ba alƙali damar ɗauri har na rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara. Wasu jihohi sun sabunta dokokinsu, lambobin sassan sun canza. Sharaɗin halascin aiki yana da nauyi ƙwarai, domin Dokar Makamai ta 1959 ta tsara batun izinin riƙe bindiga: manyan makaman da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, bindigogin farauta sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, masu ɗurin baki irin adaka kuma lamarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda ya yi harbi da bindigar da ba shi da izinin riƙewa, ko ya harba sama a tsakiyar taron biki, zai sha wuya kafin ya shawo kan kotu cewa yana cikin halastaccen aiki. Jami'in tsaro ma da ya ce bindiga ce ta kuɓuce masa, tambayoyin da za a yi masa su ne me ya sa take ɗane, ina bakinta yake kallo, ina kuma yatsansa yake, kuma horon da ya samu yana ƙara masa nauyi ne a gaban kotu.

Shari'ar Musulunci, wadda jihohi 12 na Arewa suka shigar da dokokin laifinta tun daga shekarar 2000, ta ɗauki wata hanya da ta fi mayar da hankali ga iyalan mamaci. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kisan kuskure: diyya ga iyalan wanda aka kashe, sai dai idan sun yafe, da kuma kaffara, wadda a yau ta tsaya a kan azumin wata biyu a jere. Misalin da malaman fiƙihu suka saba kawowa shi ne ainihin na maharbi, wanda ya harbi dabba ya sami mutum, ko ya hango mutum ya zaci dabba ce. A mazhabar Malikiyya diyyar raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma dangin mai kisan na wajen uba ne suke haɗa ta cikin shekara uku, kaffarar kuwa a kansa take shi kaɗai. Bambancin a nan shi ne rashin niyya yana kawar da ƙisasi amma ba ya kawar da diyya. Hadisai ingantattu kuma sun hana nuna ɗan'uwa da makami, sun umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani. Don haka maganar da aka saba yi a wajen ta'aziyya, cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, tana da muhallinta wajen ba da haƙuri, amma ba ta soke haƙƙin marayu a kowace daga cikin dokokin biyu.

Abin da wannan ke nufi ga jama'a

Matsalar tsaro ta ƙara yawan bindigogi a hannun mutanen da ba soja ba kuma ba 'yan sanda ba. Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024, ga kuma 'yan sintiri da maharba a ƙauyuka. Duk hukumar da ta ɗauki mutum aiki ta miƙa masa makami tana iya ɗaukar alhakin diyya idan ya yi ɓarna a bakin aikinsa, kuma za a duba irin horon da ta ba shi, da wurin da aka koya masa harbi, da inda yake ajiye bindigar idan ya koma gida cikin iyalinsa. Mai gidan biki da ya gayyato masu harbi, da mai gonar da ya ba da filinsa a gwada bindiga ba tare da tudu ba, su ma ana iya jawo su cikin ƙarar neman diyya.

Ga iyalan wanda harsashi ya samu, sa'o'in farko suna da muhimmanci. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga nan take ko babu takardar 'yan sanda, asibitin ne kuma zai sanar da su daga baya. Harsashin da aka ciro daga jiki, da rahoton likita, da hoton hudar da ya yi a kwano ko bango, su ne suke nuna irin bindigar da kuma ɓangaren da ya fito, kuma gaggawar jana'iza takan sa a rasa su idan ba wanda ya nemi a adana. Yafiyar iyali tana sauke diyya, amma a ƙarƙashin Final Kot ba ta tsayar da tuhumar kisa da kanta, domin ikon janye ƙarar yana hannun Antoni Janar. Idan kuma jami'in gwamnati ne ya yi harbin, dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya ta ƙayyade wata uku kacal don shigar da wasu nau'o'in ƙara, saboda haka jinkirin zuwa wurin lauya yana iya rufe wa iyali ƙofar kotu tun kafin su gama karɓar gaisuwa.